Bidi da Jakanyar Ya Fanna

Samarin da ke zaman fada a gindin dogon yaro, daura da gidan Alhaji Mele, sun yanke hukunci cewa duk Gure babu mai cin banza irina. Wai aikina in zuba harawa, in hau doki in zaga gari ana gaishe ni. Ɗayansu, mai kabu-kabu da moto, wato babur, ya ce mini ran nan: "Baba Mamman, in ka gaji ka ba ni aikin, ni ma in huta." Na yi dariya, don yaron kirki ne, bakinsa ne kawai ya fi kansa sauri. Amma moto in ta lalace kwance ta ake yi, a duba ciki, a canza abin da ya mutu. Doki ba a kwance shi, kuma ba ya faɗin inda ke masa ciwo. Sai dai ka gani a kunnensa, a kashinsa, a hatsin da ya bari a kwamin da ake zuba masa abinci. Bari in ba ku labarin doki ɗaya, ku auna sauran aikin da shi.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a kwasar kashi ne. Ubana ya kai ni wurin Baba Kiari, mai kiwon dawaki a wani kwari kan hanyar Bune, inda dabino da goruba suka yi inuwa tsakanin tuddan rairayi, ruwa kuma ba ya da zurfi. Shekara ta zagayo ban taɓa sirdi ba. Kowace safiya sai ya sa in tsuguna in fasa kashin kowane doki da tsinke, in gaya masa abin da na gani: ya bushe ne, ya yi ruwa, akwai tsutsa, akwai rairayi, ko hatsi ya fito bai narke ba. In na ce lafiya lau, sai ya ce in koma in sake dubawa, wai lafiya lau ba amsa ba ce. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne. Yau da shi nake cin abinci.

Daga kashi na koma igiya. Ya koya mini tufkar dabaibayi da kaba, mai laushin da ba zai ci ƙafa ba, da ɗaurin ragama a turke irin wanda doki ba ya kwancewa amma mutum ya kwance da ja ɗaya in wuta ta tashi. Ya koya mini shanya zubka, wato shimfiɗar da ake sawa ƙarƙashin sirdi, don in ka mayar da ita da gumin jiya, bayan doki zai kwaile. Linzami kuwa sai da na daɗe kafin ya bar ni in sa shi a bakin dabba. Abin da ya fi tsananta mini a kai shi ne majayi, ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ciki. Ba a ja shi gaba ɗaya. Ka ja kaɗan, ka zaga da doki, ka ƙara, hannunka na kan haƙarƙarinsa kana jin abin da fatarsa ke cewa. Allah ya jiƙan Baba Kiari, bai taɓa duka na ba, kuma bai taɓa ɓoye mini komai na sana'ar ba.

Dawakinsa ba dogaye ba ne. Gajeru ne masu faɗin ƙirji da faɗin kofato, irin waɗanda rairayi ba ya cinye ƙafarsu. Daga Kelle har gaba ana kawo masa goɗiyoyi don a samu irin. Masu zuwa kuwa kala-kala ne. Akwai makiyayin da zai zo ya duba haƙori da kofato, bai ce uffan ba, ya saya. Akwai mai kuɗin gari da zai zo ya tambayi launi kawai, kamar zai sayi shadda. Baba yana karɓar kowa da fara'a, amma in ya ga mutum yana fizgar linzami tun a gwaji, sai dokin ya zama ba na sayarwa ba nan take.

Sai shekarar farin nan ta zo. Waɗanda suka gan ta ba sa bukatar in faɗi wace ce. Damina ta yi yayyafi ta ɗauke, gero ya bushe a tsaye, ciyawa ba ta kai idon ƙafa ba. Muka sassabe ganyen gawo, muka daka ƙwallon goruba, har tsohuwar danga muka ba bisashe. Baba ya sayar da abin da zai sayu, sauran muka ja mushensu bayan tudu ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe ita ce goɗiyar da ya fi ji da ita, tana da ciki. Ta yi ƙoƙari ta haihu, ta lashe ɗanta, ta miƙe ya sha na kwana kaɗan, sannan ta kwanta ba ta sake tashi ba. Ɗan duƙushin namiji ne, mai gashi gauraye fari da ja, sai muka ce masa Bidi.

Ni na fid da rai da shi. Ya Fanna, matar Baba, ita ce ba ta fid da ba. Tana da jakanya da take ɗebo ruwa da ita, wadda ɗanta ya mutu a wannan satin, nono na damunta. Ya Fanna ta shafa wa Bidi nonon a baya da wuya, ta rufe wa jakanyar ido da ɗankwali, ta ce in riƙe ƙafar baya. Jakanyar ta yi harbi, ta yi cizo, na sha nawa rabon a cinya. Kafin sati ya fita ita ke kiransa. Haka Bidi ya tashi yana bin jakanya zuwa rijiya, har ya fi ta tsawo yana durƙusawa yana sha. Baba Kiari bai ga ranar da aka ɗora masa sirdi ba. Da ciwo ya kwantar da shi, ya ce mini: "Mamman, shi ke nan abin da ya rage na irina. Duk inda ya tahi, ka bi shi."

Ni na hore shi. Bai ba ni wahala ba, don dokin da ya tashi a hannun mata da yara ba ya tsoron mutum. Da ya isa hawa, Alhaji Mele ya saye shi, abin da ya riƙe gidan Ya Fanna na tsawon lokaci, ni kuma ya ɗauke ni in kula da shi. Alhaji ɗan kasuwar kanwa da dabino ne, yana da kamyo, babbar motar kaya, yana da garke can wajen Kelle, inda ko kat-kat, motar shiga daji, ke nutsewa a rairayi, doki kuwa ya wuce. Mutum ne mai alkawari, ba ya cin haƙƙin na ƙasa da shi. Abu ɗaya ne ba a taɓa masa. Duk dattijon Gure ya san da korar jakai ya fara, yana yaro ba takalmi, yana bin mangalar kanwa daga kwari zuwa kasuwa. Ba wanda ke tuna masa. Ko jakin mai ruwa ba ya shiga gidansa, a ƙofa ake sauke bido, wato jarkar ruwa.

Bargar da ya gina wa Bidi ta fi ɗakin da nake kwana. Siminti, rufin kwano, katanga doguwa saboda bakin mutane, ba ya ganin kowa, kowa ba ya ganinsa. Gero jiƙaƙƙe da dusa da kanwa safe da yamma, har sai ya ture. Ciyawa kaɗan, don a wurinmu dokin girma hatsi yake ci, ciyawar daji ta jakai ce. Ranar hawa kuma ba a ba shi komai tun safe, wai ciki wofi ya fi sauƙin sukuwa. Ba Alhaji ya ƙirƙiro wannan ba, haka duk mai doki a gari yake yi, kuma don ƙauna ake yi.

Ranar da na fara gane ba shi da lafiya, majayi ne ya gaya mini. Na ja na farko, sai na ji fatarsa ta yi rawa a ƙarƙashin hannuna, ya kwantar da kunne ya juyo zai cije ni. Bidi bai taɓa yi mini haka ba. Daga nan na sa ido. Zai fara cin gero da marmari, ya yi loma kaɗan, ya tsaya, ya juya yana kallon cikinsa. Yana cin haƙora kamar mai zazzaɓi. Ya kama bakin kwami da haƙori yana haɗiyar iska. Gashinsa ya dushe, haƙarƙari ya fara fitowa, kashinsa ya zama ƙanana busassu. Muka yi abin da aka sani. Kanwa ta kan lafar da shi na ɗan lokaci. Muka ba shi jiƙon sabara, aka yi masa rubutu. Wani mai tallan magani a kasuwa ya sayar mana da pikir, allurar kashe ciwo, ya yi kamar ya warke, bayan kwana kaɗan ya fi da lalacewa.

Sai na je biron elwaj, ofishin kula da dabbobi, na kira likitar bisashe, Madam Falmata. Yarinya ce sa'ar ƴata ta fari, ta zo a kan moto da ƴar jakarta. Na ce a raina yau za mu ga karatu. Ba ta taɓa dokin ba sai da ta tsuguna ta fasa kashinsa da tsinke. Nan take na ji ta shiga raina, don Baba Kiari na gani a tsugune. Ta saurari cikinsa, ta duba dasashi, ta danna inda majayi ke bi, ta tambaye ni me yake ci, yaushe, kuma tsawon wane lokaci yake zama ba abin taunawa.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji ta. "Abin da ake leƙa tumbin doki da shi babu shi nan kusa. Amma duk alamun na gyambon ciki ne."

"Doki ma yana gyambon ciki, Likita? Na ɗauka na masu tunanin iyali ne."

Ta yi dariya, ta bayyana mini yadda zan gane. Ta ce tumbin doki ba ya hutawa, kullum yana zubo ruwan tsami, da abinci ko babu. Allah ya halicce shi yana tafe yana tsinkar ciyawa, yawun taunawa na sauka yana kashe tsamin. In ya wuni ba ya tauna, sannan aka loda masa gero, tsamin ya ƙaru. In kuma aka yi sukuwa da shi ciki wofi, ruwan nan ya riƙa fantsama yana ƙona inda ba shi da kariya. Ta hana pikir ɗin kasuwa, ta ce irinsa ƙara huda gyambo yake. Ta ba da magani mai kauri da ake matsa masa a baki da sassafe kafin ya ci komai, wajen wata guda, ta ce a bar hawa, a kai shi inda zai yi kiwo. Na kai shi kwarin Ya Fanna. Kafin maganin ya ƙare ya murje, gashinsa na sheƙi.

Da muka dawo gari Alhaji ya bi maganar likita, ban rage masa wannan ba. Aka rage gero, aka raba shi kaɗan-kaɗan. Na saƙa raga da igiyar kaba mai ƙananan idanu, na cika ta da harawa da ganyen gyaɗa na rataye, yadda zai wuni yana fizga kaɗan-kaɗan ba ta ƙare ba. Ruwa ba ya yankewa a gabansa. Kafin in ɗora sirdi sai ya ci dami ɗan ƙarami na harawa. Masu dawakin gari suka yi ta yi mini tsiya, wai na mai da doki akuya. Muka yi watanni lafiya, muka je Kelle muka dawo ba sau ɗaya ba. Sai wata safiya na tarar da ragar a cike kamar yadda na rataye ta, shi kuma yana tsaye ya juya wa ƙofa baya, yana cin haƙora.

Madam Falmata ba ta ji daɗi ba. Ta ce ciwon nan ya saba komowa in aka tsai da magani, amma ta duba abincinsa ba ta ga kuskure ba. Aka sake magani, na sake kai shi kwari. Ana nan sai aikin rigakafin bisashe ya biyo da ita ta wajen Bune, ta ratso ta duba shi. Ta same shi a gindin dabino, kansa da na jakanyar Ya Fanna a cikin tarin harawa ɗaya. Ta daɗe tana kallo. Jakanyar ta ɗaga kai ta nufi rijiya, Bidi ya bar abincin ya bi ta. Ta tsaya, ya tsaya. Ta koma ci, ya koma.

"Baba, wace ce wannan a wurinsa?"

Na ba ta labarin shekarar fari. Ni kullum ina ganin abin, amma na ɗauke shi kamar yadda ake ɗaukar inuwa, ban taɓa sa shi cikin lissafin ciwo ba.

"To ga abin da babu a gari," in ji ta. "Doki dabbar garke ce. Ka rufe shi shi kaɗai tsakanin katanga huɗu, hankalinsa ba ya kwanciya, in hankali bai kwanta ba ba ya ci, in bai ci ba tsami ya ci shi. Wannan kuma ba garke kawai ya rasa ba, uwarsa ce. Magani zai rufe gyambon, amma ba zai hana shi komowa ba. A kai masa ita."

Tare muka je wurin Alhaji, don na san nauyin maganar. Ya saurare ta har ta gama, da mutunci, ya sa aka kawo mata ruwa. Sannan ya ce: "Ƴata, na gode. Ki hwaɗi kowane magani, ko daga Damagaram ne, ko daga Yamai, a kawo. Amma jaki ba ya shiga gidana." Ta ce ko rago a sa masa. Aka sa rago. Bidi ya kama shi a gadon baya ya jefar, ragon ya kwana biyu yana ɗingishi.

Karo na uku shi ne mai muni, da bazara, zafi na fitowa daga kwano kamar tanda. Na zuba masa ɗan hatsi, ya ci, kafin in juya ya zube yana birgima, gumi ya jiƙa shi. Na ɗaga shi, na yi ta zagawa da shi a tsakar gida har Madam Falmata ta iso. Ya tashi, amma Alhaji yana tsaye yana kallo, kuma na ga fuskarsa. Da yamma ya kira ni zaure.

"Mamman, na gaji. Dokin da ke rabin shekara yana jinya ba dokin hawa ba ne. Na yi magana da dillali, masu amalanke na nema."

Na san abin da amalanke ke yi wa doki mai lafiya, balle mai gyambo. Ba zai ga damina biyu ba, irin Baba Kiari kuma ya ƙare a kan kwalta da bulala. Amma ban roƙe shi da Allah da Annabi ba, don ɗan kasuwa da maganar kasuwa ake kama shi. Na ce: "Alhaji, dokinka ne. Amma wa zai sayi ƙashi? Ka bar ni in kai shi kwari ya yi nama, lokacin dabino ka zo da dillalin." Ya ce wannan magana ce.

Mun yi tafiyar nan a hankali, ina ja yana bi, muna tsayawa a kowace inuwa. Tun kafin mu gangara tudu na ƙarshe ya ɗaga kai ya yi haniniya, irin wadda ban ji ba tun da muka bar wurin. Daga ƙasa jakanyar ta amsa da wannan muryar tata da ba ta da daɗin ji ga kowa sai shi. Ya Fanna ta fito ta dube shi, ta dube ni, ta ce: "Kun sake cinye mini ɗa." Gaskiya ta faɗa.

Da dabino ya nuna Alhaji ya zo a kat-kat, da dillali a gefensa. Bidi ya cika, wuyansa ya yi kauri, yana tsaye ya ɗora haɓarsa a gadon bayan jakanyar, idonsa a lumshe. Dillali ya fara zagaya shi yana yaba kofato. Alhaji kuwa ba dokin yake kallo ba. Ya matsa kusa da jakanyar, ya ɗaga akumarin da ke bayanta, wato matashin da ake ɗora kaya a kai, ya ga inda ya goge mata fata. Sai na ji muryarsa ta canza.

"Wa ya ɗinka wannan akumari? An cusa shi gefe ɗaya. Ba a ganin yana cin ta?"

"Ni na ɗinka, Alhaji," in ji Ya Fanna. "Idona ya yi rauni."

Ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna a rairayi. Ya farke ɗinkin, ya zazzage cushen, ya ware shi da yatsu, ya mayar daidai, ya bar rami a inda ciwon yake don kada ya taɓa. Hannunsa bai yi shakka ko sau ɗaya ba. Ya ɗaga ƙafarta ya duba kofato, ya buɗe bakinta ya ga shekarunta. Yana yi yana magana, ba da mu ba. Ya ce ya taɓa yin wata irinta, toka-toka, ita ta ɗauki kanwar da ya fara sayarwa, kuma da ya samu ya sayar da ita bai ko waiwaya ba. Da ya miƙe ya karkaɗe gwiwa, ya ce wa dillali ya shiga mota, za a sauke shi a gari, babu ciniki yau.

Sannan ya juya wurin Ya Fanna ya ce ta sayar masa da jakanyar.

"Ba ta sayarwa ba ce," in ji ta. "Kuma wa zai ɗebo mini ruwa?"

Ya ce zai aiko mata da saurayin jaki da amalanke da bido. Ta yi tunani, ta ce: "To, na karɓa. Amma ka sani ba kai na ba ba, Bidi na ba. Ranar da ya bar gidanka, tare za su fita." Alhaji, wanda manyan ƴan kasuwa ke shakkar ciniki da shi, ya ce ya yarda.

Ranar da muka taho da su ta faɗo ranar kasuwar Gure. Na so mu zaga ta bayan gari, Alhaji ya ce hanya ɗaya ya sani zuwa gidansa. Ya tarye mu a bakin gari ya hau Bidi, ni ina jan jakanyar. Da muka iso inda motoci da jama'a suka cunkushe, sai ta kafe ƙafafu huɗu. Na ja, ta ja baya. Bidi ya ga ta tsaya, shi ma ya tsaya. Mutane suka fara taruwa, masu kanwa, masu dabino, duk waɗanda suka san Alhaji tun yana yaro da waɗanda ba su san shi ba sai da kamyo. Ni mai doki ne, ban iya jaki ba, gumi kawai nake yi.

Alhaji ya sauko. Ya miƙo mini linzami ya ce: "Mamman, ba a jan jaki. Ba ni sandar." Ya cire mata igiyar, ya koma bayanta, ya taɓa cinyarta da bakin sanda, ya yi wani ɗan sauti da harshe irin na masu jakai, wanda na tabbata ya fi shekarun samarin fadar nan bai fito daga bakinsa ba. Ta kaɗa kunne ta kama hanya. Haka muka ratsa kasuwar Gure, jakanya a gaba, Alhaji Mele a bayanta da sanda da babbar riga, ni da Bidi muna biye. Wani tsoho mai kanwa ya ɗaga murya ya ce: "Mele, ashe hannun bai manta ba." Alhaji bai sunkuyar da kai ba. Ya ce: "Bai manta ba, Yaya. Da shi na ci."

Ba zan ce muku daga ranar ciwon ya ɓace kamar an share ba, don mai gyambo kullum a kan lura yake. An fasa katangar barga ta gefen tsakar gida, aka sa itace, yana ganin mata na daka, yara na wucewa. Ragar harawa ba ta zama wofi. Ba ya ɗaukar sirdi ciki wofi, ko da sauri ake. In za mu yi doguwar tafiya, ko zafi ya tsananta, nakan gaya wa Madam Falmata tun da wuri ta ba shi magani na ɗan lokaci. Ciwon ya taɓa yin alamar komowa, muka tare shi tun a majayi. Amma bai sake zubewa ba. Yau Bidi ya manyanta, kuma ƴaƴansa na Kelle da Bune, gajeru masu faɗin kofato, duk wanda ya san dawakin Baba Kiari in ya gan su zai gane.

Ina godiya ga Allah da ya haɗa ni da mutanen nan. Baba Kiari ya koya mini duba, Ya Fanna ta ƙi fid da rai, likita ta ga abin da ke gaban idona, Alhaji kuma ya biya da abin da ya fi kuɗi tsada a wurinsa. Nawa a ciki bai wuce tashi da wuri da sa hannu a haƙarƙari ba, amma shi ma wani ne zai yi, kuma kullum ne.

Saboda haka, ɗana mai moto, in har kana son aikin, ka zo gobe bayan sallar asuba, ka taho da tsinke. Za ka tarar da jakanyar ta tsufa ƙwarai, haƙoranta sun ƙare, sai an jiƙa mata dusa ta yi laushi. Ba ta ɗaukar komai yanzu, kuma Alhaji da kansa yake yanke mata kofato, ba ya bari in taɓa. Ita za ka fara zuba wa. Bidi ba ya sa baki a harawa sai ya ji tana tauna.